Wudi Gatiri: Mawaƙin Talakawa da Cutar Gado ta Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Wudi Gatiri, wanda ake rubuta sunansa Woody Guthrie da Turanci, mawaƙi ne ɗan ƙasar Amurka. An haife shi a shekarar 1912, ya rasu a shekarar 1967. Ya yi suna wajen waƙe halin talakawa: manoman da fari ya raba da gonakinsu, da ƴan cin rani, da leburori. Duniya ta san shi kuma ta wata hanya. Shi ne wanda ya fi shahara cikin mutanen da suka yi fama da cutar Hantintan, wata cutar gado mai lalata ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, wadda har yau ba ta da maganin warkewa.

Tarihinsa yana da amfani ga mai karatu a Gidigir da sauran garuruwan ƙasar Gure saboda dalilai biyu. Na farko, ya fito ne daga ƙasar da ta san fari da iskar ƙura da ƙaura, abubuwan da ba baƙi ba ne a nan. Na biyu, rayuwarsa ta nuna irin ɓarnar da rashin sanin cuta yake yi wa iyali. An kira mahaifiyarsa mahaukaciya, an kira shi mashayi, alhali kuwa su biyun marasa lafiya ne.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Wudi ranar 14 ga watan Yuli na 1912 a Okima, wani ƙaramin gari a jihar Okalahoma. An raɗa masa sunan Wudiro Wilsan, wanda ya ci zaɓen shugabancin Amurka a wannan shekarar. Mahaifinsa, Cali, dillalin filaye ne kuma ɗan siyasa, mai rufin asiri. Mahaifiyarsa, Nora, mace ce mai son waƙa. A bakinta Wudi ya fara jin tsofaffin waƙoƙin da ta gada daga iyayenta.

Tun yana ƙarami halin mahaifiyar ya soma canzawa. Takan yi mantuwa, abu yakan suɓuce daga hannunta ya fashe, fuskarta da hannayenta suna motsi ba da sonta ba. Wani lokaci ta fusata ba dalili, can kuma ta zauna tana kuka. Maƙwabta suka shiga tsegumi, yara suka riƙa yi wa ƴaƴanta gori.

Gobara ta addabi wannan gida. A 1909 sabon gidansu ya ƙone ƙurmus. A 1919, Wudi yana gab da cika shekara 7, wuta ta kama tufafin yayarsa mai shekara 14, ta rasu. Mutanen gari suka ɗora wa uwar laifi. Ana cikin haka kasuwancin uban ya karye, talauci ya shigo. A 1927 wuta ta sake tashi a gidan, uban ya ƙone ƙwarai. Bayan wannan aka kai Nora asibitin masu taɓin hankali na jihar, inda ta zauna har ta rasu a 1930. Masu bincike suna zaton ta gaji cutar ne daga mahaifinta, wanda ya nutse a ruwa marar zurfi.

Wudi yana da shekara 14 aka raba shi da mahaifiyarsa. Ya zauna hannun yayansa da na mutanen arziki, yana tsintar tarkacen ƙarafa yana sayarwa, yana goge takalma, yana kiɗa a bakin titi ana jefa masa sulalla. A 1929 ya bi mahaifinsa zuwa garin Pampa a jihar Teksas. Bai gama makarantar sakandare ba, amma ya lazimci ɗakin karatu na garin, ya ilimantar da kansa da kansa. Wani baffansa ya taimaka masa ya ƙware a jita, abin kiɗa mai tsirkiya shida, dangin garaya da gurmi. A can ya yi auren fari, suka haifi ƴaƴa uku.

Shekarun fari da ƙura

A shekarun 1930 fari mai tsanani ya auka wa tsakiyar Amurka. Kafin nan manoma sun nome ciyawar daji da ke riƙe ƙasa, don su shuka alkama. Da ruwa ya ɗauke, ƙasa ta zauna tsirara, iska ta riƙa kwashe ta. Ranar 14 ga Afrilu na 1935 wata guguwar ƙura ta taso kamar bango, ta rufe garuruwa da dama har da Pampa. Rana ta koma dare, mutane da yawa suka ɗauka tashin duniya ne. Wudi yana cikin garin a ranar.

Duk wanda ya ga farin 1973 ko na 1984, ko ya ga yadda tuddan rairayi ke cinye kwaruruka masu dabino da goruba a ƙasar Gure, ya san abin da ya biyo baya. Gonaki suka mutu, dabbobi suka ƙare, bashi ya hau kan manoma. Dubban ɗaruruwan mutane suka ɗaure kayansu suka nufi yamma, jihar Kalifoniya, neman aikin tsinkar ƴaƴan itatuwa da auduga. Can ma ba a karɓe su hannu biyu ba. A 1936 ƴan sandan birnin Los Anjalis sun tare iyakokin jihar suna mayar da matalauta baya.

Wudi ya bi sahun waɗannan ƴan cin rani, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a ɓoye cikin taragon jirgin ƙasa. Ya kwana inda suka kwana, ya ci abin da suka ci, ya mayar da kukansu waƙa. A 1937 ya sami fili a wani gidan rediyo na Los Anjalis. Baƙin da ke zaune a bukkoki suka ji mai magana da harshensu, suka riƙa aiko da wasiƙu ba adadi.

Shahararsa

A 1940 ya koma birnin Niyu Yok. A wannan shekara wani masanin waƙoƙin gargajiya, Alan Lomas, ya naɗi muryarsa domin babban ɗakin ajiye littattafai na majalisar dokokin Amurka, kuma aka fitar da faifan waƙoƙinsa na zamanin ƙura. A 1941 wata hukumar lantarki ta gwamnati ta ɗauke shi aikin wata ɗaya don ya waƙe madatsun ruwa na kogin Kolumbiya. Cikin watan nan ya tsara waƙoƙi 26. A 1943 ya wallafa littafin tarihin rayuwarsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a jiragen ruwa masu jigilar kaya da sojoji.

A 1945 ya auri Marjori, wata gwanar rawa ta dandali, suka haifi ƴaƴa huɗu. A 1947 ƴarsu ta fari, mai shekara 4, ta rasu a wata gobara da wayar lantarki ta haddasa. Wannan rashi ya girgiza shi matuƙa. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba. Waƙoƙin da ya rubuta a rayuwarsa sun haura 1,000.

Bayyanar cuta

Wajen ƙarshen shekarun 1940 mutane suka fara ganin canji. Wudi yakan bar gida ba sallama, ya yi makonni. Yakan yi fushi nan da nan. Tafiyarsa ta koma tangaɗi, maganarsa tana sarƙewa, rubutunsa ya rikice. Da yake yana shan giya, sai kowa ya ce giya ce. Likitoci ma da farko haka suka ce, daga baya wasu suka ce taɓin hankali ne. Sai a 1952, a wani asibitin gwamnati da ke unguwar Buruklin, aka gane cewa cutar da ta kashe mahaifiyarsa ce ta kama shi. Yana da shekara 40.

A lokacin aurensa ya riga ya lalace. Marjori ta ji tsoron fushinsa a kan yara, suka rabu. Ya sake wani aure wanda bai daɗe ba. A 1953 fetur ya kama da wuta a hannunsa yana ƙoƙarin hura wuta, damtsensa ya ƙone, kaɗa jita ya gagare shi. A 1956 ƴan sanda suka kama shi yana yawo a jihar Niyu Jazi, suna zaton marar wurin kwana ne, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali.

Likitan da cutar ta ci sunansa

Shekara 80 kafin a gane ciwon Wudi, wani matashin likita ya riga ya bayyana cutar. Sunansa Joj Hantintan, an haife shi a 1850, ya rasu a 1916. Kakansa da mahaifinsa duk likitoci ne a gari ɗaya, Is Hamtan, a jihar Niyu Yok, kuma sun daɗe suna lura da wasu iyalai masu wannan ciwo. Joj ya haɗa abin da suka rubuta da abin da ya gani da idonsa, ya wallafa taƙaitaccen bayani a 1872, yana da shekara 22.

Ya nuna abubuwa uku. Cutar gadonta ake yi. Tana taɓa hankali, har takan kai mutum ga kashe kansa. Kuma sai mutum ya girma take bayyana. Ya kuma lura cewa idan ɗa ya tsira, zuriyarsa ma ta tsira. Wannan aiki nasa darasi ne: rubuta tarihin iyali da kyau, daga kaka zuwa jika, shi ya tona asirin cutar tun kafin a sami na'urorin zamani. Ma'aikatan lafiya na Nijar sun san ta da Faransanci da sunan maladie de Huntington.

Yadda cutar take aiki

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai zarurrukan gado guda 46, wato tagwaye 23: rabi daga uwa, rabi daga uba. A kan zarurrukan nan aka rubuta umarnin da jiki ke bi, kamar rubutu a kan allo.

A kan zare na 4 akwai wani wuri inda wata kalma mai baƙaƙe uku, CAG, take maimaituwa a jere. A wurin yawancin mutane ba ta wuce sau 26. Idan ta kai sau 40 ko fiye, cutar za ta bayyana matuƙar mutum ya yi tsawon rai. Tsakanin 36 da 39, tana iya bayyana, tana iya ƙin bayyana. Wannan maimaici da ya wuce kima yana sa jiki ya ƙera wani sinadari gurɓatacce, wanda ke kashe ƙwayoyin jijiyoyi, musamman a can tsakiyar ƙwaƙwalwa inda ake daidaita motsi da hali. Ƙwayar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Shi ya sa ciwon kullum gaba yake yi.

Alamomin sukan fara tsakanin shekara 30 da 50, kuma sun kasu kashi uku:

1. Na motsi: fizgar hannu da ƙafa da fuska ba da so ba, kamar mai rawa, tangaɗi, yawan faɗuwa, sarƙewar magana, wahalar haɗiya.
2. Na tunani: mantuwa, jinkirin fahimta, kasa tsara aiki, nacewa a kan abu ɗaya.
3. Na hali: saurin fushi, baƙin ciki mai tsanani, rashin damuwa da komai, zargin mutane.

Sau da yawa canjin hali yakan riga fizgar jiki da shekaru, kamar yadda ya faru ga Wudi. Daga bayyanar alamomi, mai cutar yakan rayu kimanin shekara 15 zuwa 20. Abubuwan da suka fi kawo ajali su ne ciwon huhu sakamakon ƙwarewa da abinci, da raunin faɗuwa, da rama, da kashe kai. Kaɗan daga cikin masu cutar takan kama su kafin shekara 20, kuma galibin irin waɗannan daga wajen uba suke gado.

Yadda ake gadonta

Mun san amosanin jini, wanda ake kira sikila. Shi sai uwa da uba duka suna ɗauke da irinsa yaro ke kamuwa. Cutar Hantintan ta bambanta da shi. Mahaifi ɗaya ya isa, uwa ko uba, ko da ma'auratan ba su haɗa dangi ba.

Ga misali. A ɗauki ƙwarya a sa wake biyu a ciki, fari ɗaya, ja ɗaya. Farin shi ne lafiyayyen gado, jan shi ne mai cutar. Kowane ɗa da za a haifa zai rufe ido ya ɗauki ɗaya, sa'an nan a mayar da waken cikin ƙwarya domin na bayansa. Saboda haka kowane ɗa, mace ko namiji, yana da haɗarin kashi 50 cikin 100. Abin da wa ya ɗauka bai shafi abin da ƙane zai ɗauka ba. A gida mai ƴaƴa shida ana iya samun uku da ita, ko biyar, ko ba ko ɗaya. Wanda ya ɗauki fari ya tsira, shi da ƴaƴansa da jikokinsa.

Haka ya kasance a gidan Wudi. Ƴaƴansa mata biyu na auren fari sun gaji cutar, kowacce ta rasu tana da shekara 41. Ɗansa Arlo kuwa, wanda aka haifa a 1947, ya zama shahararren mawaƙi, ya haura shekara 70 ba tare da ita ba.

Babbar musibar cutar ita ce ɓuyanta. Kafin ta fito fili, mutum ya yi aure ya hayayyafa.

Ƙarshen rayuwarsa

Wudi ya shafe fiye da shekara 10 na ƙarshen rayuwarsa a asibitoci uku. Ko da yake aure ya mutu, Marjori ta dawo ta ɗauki nauyin jinyarsa. Tana kai masa yara, ana fito da shi a ƙarshen mako ya zauna cikin abokai suna yi masa waƙoƙinsa. A 1961 wani saurayi mai shekara 19, Bob Dilan, ya zo gaishe shi don ya koyi salonsa. Wannan saurayi shi ne ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2016.

A hankali tafiya ta gagara, magana ta ɗauke. Marjori ta yi masa katuna biyu, ɗaya na i, ɗaya na a'a, yana nunawa. Masu ziyara sun lura yana gane mutane, yana jin abin da ake faɗa. Ya rasu ranar 3 ga Oktoba na 1967 a Niyu Yok, yana da shekara 55.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa

A wancan zamani iyalai ɓoye cutar suke yi saboda kunya da tsoron kada ƴaƴansu su rasa masu aure. Marjori ta zaɓi ta yi magana. Ta sa sanarwa a jarida tana neman iyalai masu irin wannan ciwo, kuma a 1967 ta kafa wani kwamiti na yaƙi da cutar, wanda ya girma ya zama ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. Ta matsa wa majalisar dokokin Amurka har ta kafa hukumar nazarin cutar, Marjori ta shugabance ta a 1976 da 1977.

Cikin masu aiki da ita akwai Nansi Weksila, wadda ita ma mahaifiyarta ke da cutar. Tun a shekarun 1950 wani likita, Ameriko Negirete, ya ba da labarin ƙauyukan masunta a bakin tafkin Marakaibo na ƙasar Benezuwela, inda cutar ta yi yawa ƙwarai. Daga 1979 Nansi ta riƙa zuwa can. Ita da abokan aikinta suka rubuta salsalar dangi mai mutum fiye da 18,000, masuntan kuma suka ba da jininsu don bincike. Da taimakon wannan jini, a 1983 aka gano cewa matsalar tana kan zare na 4. Marjori ta rasu a watan Maris na wannan shekara, watanni kaɗan kafin albishirin. A 1993 aka gano ainihin wurin, aka sami gwajin jini mai nuna ko mutum ya gaji cutar.

Akwai magunguna masu rage fizgar jiki, da masu sauƙaƙa baƙin ciki da fushi. A watan Satumba na 2025 masu bincike sun ba da sanarwar cewa wani sabon magani, da ake sakawa cikin ƙwaƙwalwa ta hanyar doguwar tiyata, ya rage saurin cutar a jikin waɗanda aka gwada. Sakamakon farko ne a kan mutane kaɗan, kuma rage gudu ne, ba warkarwa ba.

Cutar a ƙasashenmu

A cikin jinsin Turawa, kimanin mutum 5 zuwa 10 cikin 100,000 ke da cutar. Adadin da aka rubuta a Afirka bai kai haka ba, kuma ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa da na wuraren gwaji yana cikin dalilai. Amma cutar tana nan. Likitoci sun ba da rahoton iyalai masu ita a Najeriya da Mali da Afirka ta Kudu. A 2001 kuma an gano wata cutar gado mai kama da ita ƙwarai, wadda ake samu a jikin masu asalin Afirka.

Ba kowace rawar jiki ce cutar Hantintan ba. Yaro yana iya samun fizgar jiki bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, kuma wannan ana maganinsa. Wasu magunguna, da hauhawar sukari a jini, da juna biyu, su ma sukan kawo irin wannan motsi. Don haka kada a yanke hukunci a gida. Abin da ke sa a yi zaton cutar Hantintan shi ne haɗuwar abubuwa uku: babban mutum ya fara fizga da canjin hali, abin yana ƙaruwa shekara bayan shekara, kuma an taɓa ganin irinsa ga uwa ko uba ko kaka.

Shawarwari ga iyali

1. A kai marar lafiya gidan likita na kusa. Daga Gidigir ana iya tura shi asibitin Gure, daga nan babban asibitin Damagaram, ko wurin likitocin jijiyoyi da ƙwaƙwalwa a Yamai.
2. Kafin a tafi, a zauna da dattawan gida a rubuta tarihin dangi: wa ya yi irin wannan ciwo, yana da shekara nawa ya fara, yaushe ya rasu. Wannan takarda za ta taimaki likita ƙwarai.
3. A sani cewa cutar ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare, ko taɓa jiki, ko kwanciyar aure. Ba sammu ba ce, ba kuma laifin uwa ko na kishiya ba ne. Kada a sayar da dabbobi da gona a bai wa mai alkawarin warkarwa.
4. A nisanta shi da murhu, da fitilar kananzir, da fetur, da bakin rijiya. Ya bar tuƙa babur da hawa bishiyar dabino idan tangaɗi ya fara.
5. A ba shi abinci mai laushi da kauri, kamar kunu mai kauri, da fate, da tuwo mai taushi da miya. Ya ci yana zaune a miƙe, kaɗan kaɗan, ba gaggawa. Ruwa tsinkakke ya fi saurin ƙware shi. A ƙara masa yawan ci a rana, domin fizgar jiki tana ƙona abinci, tana kawo rama.
6. Kada a ɗaure shi, kada a dake shi, kada a bar yara su yi masa ba'a. Fushinsa daga ciwo yake. A yi masa magana a taƙaice, a ba shi lokacin amsawa. Ko ya daina magana, a ɗauka yana ji.
7. Idan ya fara zancen gajiya da rayuwa, kada a ɗauki abin wasa. A ɓoye maganin ƙwari da igiya da wuƙa, kada a bar shi shi kaɗai, a gaya wa likita nan da nan.
8. A raba aikin jinya tsakanin dangi. Jinyar shekara 15 ta fi ƙarfin mace ɗaya.
9. A gaya wa ƴaƴa gaskiya idan sun yi hankali, a kuma bayyana wa mai neman aure tun kafin a ɗaura. Gwajin jini ga mai lafiya zaɓin kansa ne, bayan ya cika shekara 18 kuma an yi masa cikakken bayani. Ba a tilasta wa kowa, ba a kuma yi wa ƙaramin yaron da ba shi da alamar ciwo.

Kammalawa

Cuta ɗaya ce ta kama Nora da ɗanta Wudi, amma ƙarshensu ya bambanta. Ita ta rasu nesa da ƴaƴanta, da tambarin hauka da zargin mutanen gari a kanta. Shi kuwa, da aka san sunan ciwonsa, zargi ya gushe, iyalinsa suka dawo gare shi, suka yi jinyarsa har ƙarshe. Magani bai samu ba a zamaninta, bai samu ba a zamaninsa. Abin da ya shiga tsakani shi ne ilimi, kuma wannan yana hannun duk gidan da ya nemi likita, ya rubuta tarihin danginsa, ya riƙe marar lafiyarsa da mutunci.